Me Ya Sa Muke Cewa "Went" Ba Ma Cewa "Goed"?

A wannan makon za mu yi magana a kan lokutan aikatau, wato abin da malaman Turanci suke kira tenses. Za mu kuma ba ku labarin wani tsohon aikatau da ba kasafai ake jin sa ba, sunansa wend. Wanda ya san labarinsa ba zai ƙara mamakin yadda go ya koma went ba.

Dalilin da ya sa muka zaɓi wannan darasi shi ne yayyenmu na aji uku suna shirin jarrabawar BECE. A takardar Turanci akwai tambayoyin cike gurbi, akwai kuma rubutun wasiƙa da insha'i, kuma duk ciki babu inda mutum zai guje wa aikatau. Ɗalibi zai iya sanin labarin da yake so ya bayar sarai, amma idan ya rikita lokuta, mai duba takarda zai yi ta jan layi da jar biro har maki ya zube. Saboda haka a tsaya a karanta a hankali. Wanda yake da biro ya kwafa.

INA HAUSA TAKE AJIYE LOKACI?

Mu fara da harshenmu. Ku dubi waɗannan jimloli:

Na karanta.
Zan karanta.
Nakan karanta.
Ina karantawa.

Kalmar "karanta" tana nan kusan yadda take. Abin da yake canzawa shi ne 'yar ƙaramar kalmar da take gabanta: na, zan, nakan, ina. Ita ce take ɗauke da lokacin. Ko da mutum ya yi irin Hausarmu ta Zamfara ya ce "na tahi" a maimakon "na tafi", tsarin ɗaya ne.

Turanci kuwa jikin aikatau ɗin kansa yake taɓawa. Walk yana komawa walked, eat yana komawa ate. Bayan haka kuma yana da mataimaka da ake sa wa a gaba, irin su am, is, are, have, has, had da will.

Akwai wani bambanci na biyu. Hausa ta fi damuwa da ko an gama aiki ko ba a gama ba. Shi ya sa muke iya cewa "Jiya na gama", mu kuma ce "Kafin ka dawo gobe na gama". "Na gama" ɗaya ce ta yi aikin jiya, ta yi na gobe. Bature ba ya yarda da haka. Na jiya zai ce I finished yesterday. Na gobe kuma zai ce I will have finished before you come back. Yawancin kurakuran da ake yi a aji daga nan suke fitowa, domin ɗalibi yana tsara maganar da Hausa a zuciyarsa, sannan ya juya ta kalma bayan kalma.

KOWANE AIKATAU YANA DA RIGUNA

Kafin a shiga lokuta, sai an san siffofin aikatau. Mu ɗauke su kamar riguna. Uku ne manya da ake haddacewa: rigar yau, rigar jiya, da rigar da ake sawa bayan have, has ko had.

Wasu aikatau masu biyayya ne, da ka ƙara musu ed a ƙarshe shi ke nan:

walk, walked, walked
cook, cooked, cooked
reach, reached, reached

Wasu kuma masu taurin kai ne, kowa da irin ɗinkinsa:

eat, ate, eaten
write, wrote, written
go, went, gone

Masu taurin kan nan sun kai kimanin 200, kuma abin haushin shi ne su ne aka fi amfani da su kullum. Babu wata dabara sai hadda. Wanda ya haddace biyar a rana, cikin kwana arba'in ya gama da su.

LOKUTA SHIDA DA MUKA FI BUKATA

A littattafan makaranta ana lissafa lokuta 12. A yau shida za mu ɗauka, kuma duk misalanmu daga gida za mu ɗebo su.

1. Simple present. Shi ne na abin da aka saba yi, daidai da "nakan" ko "sukan" a Hausa.
Traders go to Shinkafi market every Thursday.
'Yan kasuwa sukan je kasuwar Shinkafi kowace Alhamis.
A kula: idan mai aikin mutum ɗaya ne, wato he, she ko it, ana ƙara s ko es. My uncle goes to Zurmi every week.

2. Present continuous. Shi ne na abin da ake cikin yi a daidai lokacin da ake magana.
The farmers are harvesting millet now.
Manoma suna girbin gero yanzu.

3. Simple past. Shi ne na abin da ya faru ya wuce, musamman idan an faɗi rana ko shekara.
The railway reached Kaura Namoda in 1929.
Hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a shekarar 1929.

4. Present perfect. Shi ne na abin da ya fara a baya kuma har yanzu yana nan, ko kuma ya faru amma amfaninsa bai gushe ba.
Zamfara has been a state since 1996.
Zamfara jiha ce tun 1996. An cire ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba na wannan shekara, kuma har yau jiha ce, shi ya sa aka sa has been.

5. Past perfect. Idan abubuwa biyu sun faru a baya, wanda ya riga faruwa shi yake ɗaukar had.
The railway had reached our town long before Nigeria became independent in 1960.
Jirgi ya riga ya iso garinmu tun kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960.

6. Simple future. Shi ne "zan" da "za mu".
We will write our examination next term.
Za mu rubuta jarrabawa a zango mai zuwa.

Na uku da na huɗu su ne suka fi kayar da mutane, domin a Hausa "ya zo" tana nufin he came, tana kuma nufin he has come. Ga yadda za a raba su. Idan a cikin jimlar akwai kalmar da ta nuna lokacin da ya wuce ya rufe, kamar yesterday, last week, ago, ko in tare da shekara, to simple past ne. Idan kuma akwai since, already ko yet, mafi yawanci present perfect ne. Ku gwada da kwalejin kimiyya da fasaha ta gwamnatin tarayya da ke garinmu, wadda aka kafa a 1983:

The Polytechnic was established in 1983.
The Polytechnic has been in our town since 1983.

Shekara ɗaya ce a jimlolin biyu, amma in ta kira was, since kuma ta kira has been.

LABARIN WEND

Yanzu mu dawo kan tambayar da ke saman takarda. Ku dubi eat da ate, akwai kama. Ku dubi write da wrote, akwai kama. To go da went fa? Ko harafi ɗaya ba su haɗa ba. Kamar a ce ga uwa ga ɗa, amma babu wanda zai ce jininsu ɗaya.

Gaskiyar ita ce went ba ɗan go ba ne. Ɗan wani aikatau ne daban mai suna wend. Domin ku gane, ku karanta wannan jeri da ƙarfi:

send, sent
bend, bent
lend, lent
spend, spent
wend, went

Kun ji yadda ya shiga layi daidai? A nan danginsa suke.

Ga yadda abin ya faru. A tsohon Turanci da ake yi a Ingila fiye da shekara 1000 da suka wuce, akwai aikatau wendan, ma'anarsa juyawa, ko karkata a nufi wani wuri. A wancan zamani go yana da wata rigar jiya daban, ana ce mata eode. Da tafiya ta yi tafiya, sai mutane suka riƙa barin eode suna ɗaukar went, tunda ma'anar go da ta wend suna kusa da juna. Zuwa wajen shekarar 1500, went ta zauna daram a gidan go. Hausawa suna cewa zanen aro ba ya rufe katara, amma wannan aron ya rufe, domin yau shekara fiye da 500 ke nan go bai mayar ba. Shi kuma wend da aka bar shi babu riga, sai aka ɗinka masa sabuwa irin ta masu biyayya. Yanzu siffofinsa su ne:

wend, wended, wended

'Ya'yan go ma sun gaji rigar aron. Undergo, wato a yi wa mutum wani abu kamar tiyata ko horo, yana komawa underwent da undergone. Forgo, wato mutum ya haƙura da wani abu da yake so, yana komawa forwent da forgone. Shi forwent da wuya ka gan shi a rubuce, amma yana cikin ƙamus.

Kada mu yi wa Turawa dariya da yawa, domin mu ma muna da irin wannan aro. Muna cewa "Na je makaranta", "Zan je makaranta". Amma idan ana cikin tafiyar sai mu ce "Ina zuwa makaranta". Ita "zuwa" ai ta "zo" ce, "je" ya ara. Akwai karin maganar da ta haɗa su biyun wuri ɗaya: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ga zuwa ga je, kuma tafiya ɗaya suke nufi. Masu yin Faransanci ma sun sani, aller yana komawa je vais, sannan ya koma j'irai. Ashe aikatau na tafiya a harsuna da yawa ba ya zama da riga ɗaya.

YADDA AKE AMFANI DA WEND A YAU

Wend bai mutu ba, tsufa dai ya yi. Ana samun sa a littattafan labari da jaridu, a inda marubuci yake so ya nuna tafiya a hankali a kan hanya mai kwana-kwana. Ga ƙa'idojinsa guda uku.

Ta farko, kusan kullum yana tafe da kalmar way, kuma kalmar mallaka da ke tsakaninsu dole ta dace da mai tafiyar: I wend my way, she wends her way, it wends its way, they wend their way.

Ta biyu, tafiyar ta zama ta sannu. Wanda kare ya biyo ba a ce ya yi wend, gudu ya yi. Amma shanu da suke komowa daga kiwo da yamma, ko gulbi da yake lanƙwasa tsakanin gonaki, ko jirgin ƙasa mai tsayawa tasha-tasha, duk sun dace da shi.

Ta uku, a bar shi a rubutu. Idan kana neman izinin fita daga aji, go ya ishe ka. Wanda ya ce wa malam yana so ya yi wend zuwa bakin famfo, ajin gaba ɗaya za su yi masa dariya.

Mu sa shi cikin lokutanmu shida:

The Gagere River wends its way past Kaura Namoda.
Gulbin Gagare yakan bi sannu yana lanƙwasa ya wuce ta Ƙaura Namoda.

The cattle are wending their way home.
Shanu suna komowa gida a hankali.

The train wended its way from Zaria through Funtua and Gusau to Kaura Namoda.
Jirgi ya biyo hanya sannu daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, har Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya ƙare.

The camels have wended their way to the market.
Raƙuma sun bi sannu sun isa kasuwa.

The herdsmen had wended their way home before the rain started.
Makiyaya sun riga sun isa gida kafin ruwa ya sauko.

We will wend our way home after the match.
Za mu kama hanyar gida sannu a hankali bayan an tashi daga ƙwallo.

A kula kada a rikita shi da wasu kalmomi biyu masu kama da shi, waɗanda asalinsu ma ɗaya ne da shi. Wander shi ne yawo ba tare da an nufi ko'ina ba, alhali mai wend ya san inda za shi. Wind kuma, wanda ake furtawa "waind", shi ne naɗewa ko lanƙwasa, kuma rigarsa ta jiya wound ce.

To mene ne amfanin wend ga mai jarrabawa? Amfani biyu ne. Idan ka ci karo da shi a cikin labarin da aka ba ka ka karanta ka amsa tambayoyi, ba za ka firgita ba. Idan kuma aka ce ka rubuta labarin wata tafiya da ka yi, ka sa shi sau ɗaya a inda ya dace, mai dubawa zai san kana karatu. Sau ɗaya ya isa. Gishiri ne, in ya yi yawa miya ta ɓaci.

RAMUKA BIYAR DA ZA A KAUCE WA

1. I have went. Kuskure ne. Bayan have, has ko had, riga ta uku ake sawa: I have gone. Hanyar tunawa ita ce went baƙo ne a gidan go, ba ya zama kusa da have.

2. Did you went? Kuskure ne. Did ya riga ya ɗauki lokacin jiya, saboda haka aikatau yana komawa rigarsa ta farko: Did you go? Haka nan I did not go. Ba a ɗora wa jaki ɗaya mangala biyu.

3. I am going to school every day. Wannan daga "Ina zuwa makaranta kullum" aka juyo shi. Tunda abin da aka saba yi ne, daidai shi ne I go to school every day.

4. He has come yesterday. An faɗi yesterday, to lokacin ya rufe. Daidai shi ne He came yesterday.

5. I am coming, alhali mutum ya ba da baya yana tafiya. Wannan "Ina zuwa" ce tamu ta sa rigar Turanci. A nan Nijeriya kowa zai gane, amma a takardar jarrabawa a rubuta I will be back soon.

Akwai kuma wata shawara ga masu rubuta insha'i. Idan ka fara labari da rigar jiya, ka riƙe ta har ƙarshe. Wasu sukan fara da Last week I went to Gusau, layi na biyu sai ka ga I buy a book and I come back. An fara da jiya an faɗo yau ba sallama. Daidai shi ne I bought a book and came back. Idan ka gama rubutu, ka koma ka ja layi da fensir a ƙarƙashin kowane aikatau, ka tambayi kanka: wannan jiya ne, yau ne, ko gobe? Minti biyar za su ishe ka, kuma za su tsare maka maki da yawa.

GWADA KANKA

A cike kowane gurbi da siffar da ta dace ta aikatau ɗin da aka rubuta a ƙarshen layi.

1. My father ______ to Zurmi last Monday. Aikatau: go
2. She has ______ to the market. Aikatau: go
3. The donkeys ______ their way to the village yesterday evening. Aikatau: wend
4. We ______ in Kaura Namoda since 2015. Aikatau: live
5. Did your brother ______ the letter? Aikatau: write
6. The river ______ its way through the farms every rainy season. Aikatau: wend
7. The lesson ______ before the boys arrived. Aikatau: start
8. My grandmother ______ an eye operation last year. Aikatau: undergo

Sai tambaya ta musamman: a rubuta jimla ɗaya ta Turanci da wend a cikinta, a kan hanyar da kake bi daga gida zuwa makaranta, sannan a fassara ta da Hausa.

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshin a wannan allo ranar Litinin, tare da jimloli uku da suka fi kyau. Muna roƙon kada a rubuta amsa a jikin wannan takarda, kada kuma a yage ta, domin wasu ba su karanta ba tukuna.

Idan akwai wanda ya san wani aikatau mai labari irin na wend, ya kawo mana shi mu sa a fitowa ta gaba. Allah Ya ba yayyenmu na aji uku sa'ar jarrabawa, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma zaunar da garuruwanmu lafiya, amin.

Daga wakiliyar ƙungiyar 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.